Mentena: wanda ya mayar da aikin gayya sana'a

Kwanakin baya ɗan yayana, wanda ya karanci kwamfuta a Jami'ar Bayero, ya zo gida Gwammaja ya shaida wa mahaifinsa cewa ya ajiye aikin da yake yi, zai koma cikakken ma'aikaci a wata buɗaɗɗiyar manhaja. Yaya ya tambaye shi nawa ake sayar da ita. Ya ce, "Baba, ba a sayarwa, kyauta ce ga kowa." Yaya ya yi shiru can, sannan ya ce, "To wa zai biya ka?" Tambayar tana kan hanya, kuma amsarta ce ma'anar kalmar da matasanmu ke yawan faɗa yanzu, wato mentena.

Kowace manhaja rubutattun umarni ce da ake ba kwamfuta, waɗanda masu sana'ar ke kira kod. Kamfanoni da yawa suna kulle nasu, ba mai gani sai ma'aikatansu. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, wadda ake cewa ofun sos, an baje kod ɗinta a fili: kowa na iya karantawa, ya gyara, ya raba wa wasu, muddin ya kiyaye sharuɗɗan lasisinta. Richard Stallman ne ya fara wannan gwagwarmaya a Amurka a 1983, sunan ofun sos kuma ya zo a 1998. A 1991 wani ɗalibi a Finlan, Linus Torvalds, ya fitar da wata manhaja mai suna Linux. Duk wayar Android da ke jere a rumfunan Farm Centre, Linux ce tushenta. Haka ma DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman asibitocin Najeriya da ita, buɗaɗɗiya ce, daga Jami'ar Oslo ta Norwe. Kenan mun daɗe muna shan ruwan rijiyar nan ba mu san wanda ya haƙa ta ba.

Yadda ake gina irin wannan manhaja ya yi kama da aikin gayyar da ake yi a unguwanninmu idan damina ta gabato, a fito yasar kwata. Wani ya zo da shebur, wani da baro, wani ya yi awa guda ya wuce kasuwa. Haka masu ba da gudummawa suke: wannan ya gyara kuskure, wancan ya fassara, wani ya rubuta bayani, kowa daga ƙasarsa. Amma idan an watse, dole akwai wanda zai tsaya ya duba ko ruwan na wucewa. Shi ne mentena, mai kula da manhaja. A hannunsa mabuɗi yake: shi ke da ikon karɓar gyaran da aka turo ko mayar da shi, shi ke fitar da sabon zubi, shi ake tasa cikin dare idan aka gano ɓaraka.

Mutane na zaton mentena yana yini ne yana ƙirƙirar sabbin abubuwa. Na zauna kusa da ɗan yayan nan nawa wata ranar Asabar na ga akasin haka. Ƙorafe-ƙorafe ne jere a fuskar kwamfutarsa, wasu cikin ladabi, wasu cikin faɗa, daga mutanen da ko sisi ba su biya ba. Ya buɗe wani gyara da baƙo ya turo, layi ashirin kacal, ya shafe kusan awa yana bin sa ɗaya bayan ɗaya, shayinsa ya huce a gefe. Na ce, "Ai ɗan kaɗan ne." Ya ce, "Baffa, in na danna amincewa, gobe yana cikin na'urorin mutanen da ban taɓa gani ba." A nan na gane cewa jarin wannan aiki amana ce.

Abin takaici, akasarin masu riƙe da wannan amana ba a biyansu. Da daddare suke yi, bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su. Duniya ta ga illar hakan a Afrilun 2014, lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet. Sai aka tarar gudummawar da take samu a shekara wajen dala 2,000 ce, kuma mutum ɗaya tak ke yi mata cikakken aiki. A Maris na 2024 aka sake ganin wani salon. Mai kula da wata ƙaramar manhaja, xz, ya gaji da aikin da yake yi shi kaɗai. Wani ya shafe kimanin shekara biyu yana taya shi har ya sami yarda, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a ciki, wato hanyar kutsawa na'urorin mutane a asirce. Wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, shi ya bankaɗo ta, don kawai ya lura shiga wata na'ura ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. A ganina, barin mutum ɗaya da irin wannan nauyi ba tare da haƙƙinsa ba zalunci ne, kuma sakaci ne.

Saboda haka aka fara ɗaukar mentena cikakken aiki, kuma amsar tambayar Yaya ke nan. Wani lokaci kamfanin da cinikinsa ya dogara da manhajar ne ke biyan albashi, kamar yadda Red Hat da Intel da Google suke da ma'aikata a kan Linux. Wani lokaci gidauniya ce: Gidauniyar Linux ke biyan Torvalds, ta Python (wani yaren rubuta kod) kuma ta ɗauki Łukasz Langa a 2021 don ya zauna kan aikin. Akwai masu rayuwa da tallafin jama'a ta tsarin GitHub Sponsors da aka buɗe a 2019, gwamnatin Jamus ma ta kafa asusu na musamman don tallafa wa irin waɗannan manhajoji a 2022.

Sai dai wanda zai shiga ya buɗe ido. Abin da kake yi don sha'awa ya zama wajibi, kuma iyayen gida biyu gare ka: mai biyan kuɗi, da jama'ar manhaja, waɗanda buƙatunsu kan saɓa. Sau da yawa kwantiragi ne mai wa'adi, babu fansho. Idan tallafi ya ƙare, aiki ya ƙare. Ga ɗan Kano kuma akwai ƙari. Wuta da data daga aljihunka za su fito. Taron da aka sa ƙarfe tara na safe a Kalifoniya, biyar ko shida na yamma ne a nan, dab da magariba, don haka gara ka faɗi lokutan sallarka tun ranar farko.

Ba kasafai takardar shaida ke kai mutum wannan kujera ba, domin duk abin da ka taɓa yi yana nan a fili ana gani. Ɗan yayana ya fara ne da kai ƙorafi cewa manhajar tana hargitsa ɓ da ɗ da ƙ a sunayen mutane. Aka ce ya gwada gyarawa, ya gyara, aka mayar masa da shi sau uku kafin a karɓa. Shekara uku yana haka kafin a miƙa masa mabuɗi. Kwantiraginsa na wata goma sha biyu ne, kuma da albashin farko ya sayi faifan sola biyu da batir ya kafa a saman ɗakinsa.