Dokar sauya ƙasa a guje-guje da tsalle-tsalle: me ya sa fasfo kaɗai ba ya isa?

A gasar Olamfik ta Paris a 2024, mutum uku ne suka hau dandamalin karɓar lambar yabo a tsallen nan mai taki uku na maza. Jordan Díaz ya ci wa Sifaniya zinare da mita 17.86, Pedro Pichardo ya ci wa Fotugal azurfa da 17.84, Andy Díaz kuma ya kai wa Italiya tagulla. Dukkansu haifaffun Kyuba ne, kuma kowannensu ya taɓa sa rigar Kyuba kafin ya sauya sheƙa. Tutoci uku na Turai aka ɗaga, ta ƙasar da ta raine su kuwa ko ɗaya.

Akwai doka a kan wannan, kuma hukumar World Athletics mai hedikwata a Monako ce ke riƙe da ita.

A da, abin da sauƙi. An rubuta jiran shekara uku, amma idan hukumomin ƙasashen biyu suka daidaita, sai a rage shi zuwa wata 12. Nan ƙofar ciniki ta buɗe. A gasar nahiyar Turai ta 2016 a Amsterdam, Yasemin Can, wadda aka haifa a Kenya da sunan Vivian Jemutai, ta lashe wa Turkiyya tseren mita 5,000 da na 10,000, a tawagar da ke ɗauke da haifaffun Kenya, Jamaika da Kyuba. Surutu ya yi yawa. A Fabrairun 2017 hukumar, wadda a lokacin ake kira IAAF, ta dakatar da duk wani sauyin ƙasa a ƙarƙashin shugabancin Sebastian Coe. Sai a Yulin 2018 aka sake buɗe ƙofa, da sababbin sharuɗɗa.

Sharaɗin da kowa ya fi sani shi ne jira. Ɗan wasan da ya riga ya wakilci wata ƙasa a babbar gasa zai zauna shekara uku kafin ya sa rigar sabuwar ƙasarsa. Ba a hana shi gudu ko tsalle a gasannin gayyata inda ake shiga da sunan kai, kamar Diamond League. Rigar ƙasa kawai aka hana shi. Shekara uku ba wasa ba ce ga mai sana'ar da ƙarfinta ke ƙarewa tun mutum bai yi furfura ba. Dubi Jordan Díaz: ya bar tawagar Kyuba a 2021, Sifaniya ta ba shi takardar ɗan ƙasa a 2022, amma sai a Yunin 2024 ya fara wakiltarta, a gasar Turai ta birnin Rum, inda ya yi tsallen mita 18.18. Fasfo na aljihu, yana kallon gasannin duniya daga gefe.

Bayan jira, dole ya kai shekara 20. An sa wannan ne don a toshe wa dillalai hanyar zuwa sansanonin horo a Afirka suna kwasar yara da alkawarin kuɗi. Sauyin kuma sau ɗaya ne, ba a yawo daga tuta zuwa tuta. Sannan ƙasar da za ta karɓe shi sai ta nuna ta ba shi cikakken 'yancin ɗan ƙasa, ba takardar aro da za a ƙwace ranar da ƙafa ta gaji ba. A ganina wannan ne sharaɗin da ya fi kare ɗan wasa, ko da yake ba a cika maganarsa ba.

Ɗan wasa ba shi ke shigar da buƙata ba, hukumar wasannin ƙasar da ke son sa ce. Daga nan wani kwamiti na musamman zai duba ko akwai alaƙa ta gaskiya tsakaninsa da ƙasar: a can yake zaune, a can yake horo, yana da iyali a can? Kwamitin na da ikon amincewa, ko ƙi, ko rage wa'adin idan ya ga dalili. Ita ma Olamfik tana da nata sharaɗin na shekara uku a doka ta 41 ta kundinta.

Inda mutane ke yawan kuskure shi ne su ga baƙar fata a rigar Turai su ce saye aka yi. Yawancin matasan da ke tashe yanzu dokar ba ta ma shafe su ba. Rhasidat Adeleke a Dublin aka haife ta a 2002, iyayenta 'yan Najeriya ne, kuma Ayalan ta wakilta tun farko. Ta ci azurfa a mita 400 a Rum. Yemisi Ogunleye, wadda ta ci wa Jamus zinare a jifan ƙarfe a Paris da mita 20 cif, a Jamus aka haife ta, mahaifinta ne ɗan Najeriya. Wanda bai taɓa wakiltar kowa ba, kuma yana da takardar ƙasa biyu, zaɓi nasa ne. Amma ranar da ya sa riga ɗaya a babbar gasa, ya ɗaure kansa.

Najeriya ta san zafin abin tun kafin a tsaurara. Gloria Alozie ta ci mata azurfa a tseren tsallake shinge a Olamfik ta Sydney a 2000, bayan shekara biyu ta zama zakarar Turai da rigar Sifaniya. Francis Obikwelu, shi ma haifaffen Najeriya, ya ci wa Fotugal azurfa a mita 100 a Olamfik ta Athens a 2004, cikin daƙiƙa 9.86. A 2025 kuma aka ji Turkiyya na neman Favour Ofili, wadda ta cancanci tseren mita 100 a Paris amma jami'an Najeriya ba su shigar da sunanta ba. Ko da Turkiyya ta ba ta fasfo, kalmar ƙarshe tana hannun kwamitin World Athletics.