Waiwaye: rigimar jirgin dare na Landan, wa zai kwana ido biyu?

Shekaranjiya a fadarmu ta Sabon Gari muna jiran shayi na biyu sai wani ƙanenmu da ke karatu a Ingila ya turo murya ta WhatsApp ƙarfe 3 na dare agogonsu, wai yanzu ya shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa za shi gida. Ɗaya daga cikinmu ya ce kai Turawa sun huta, jirgi har tsakar dare ba mai cewa uffan. Na ce masa wallahi an yi uffan, an yi gireb ma ba ɗaya ba biyu ba, kuma an fi shekara 8 ana ja-in-ja kan wannan jirgin da kake gani kamar ruwan famfo. To mu nan Damagaram ko layin dogo ba mu da shi, wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso ma yana can yana tsatsa, amma labarin ya shige ni saboda duk mai ɗan uwa da ke gardi a lopital ko aikin dare a matatar mai ya san zancen.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan tun 1863 yake aiki, shi ne na fari a duniya, kuma tsufan nan nasa shi ne mafarin matsalar. Yawancin layukan hanya biyu ce kawai, ta zuwa da ta dawowa, in za a gyara ƙarfe ko waya dole a tsaida jirage, shi ya sa bayan sha biyun dare ake rufewa masu gyara su shiga rami har asuba. New York ba haka take ba, manyan layukanta da yawa hanya huɗu ne, a rufe biyu a bi biyu, shi ya sa nasu ba ya barci. Kenan a Landan dare tun asali na masu gyara ne, direba kuwa ya san komi daɗewa zai kwana gida.

A watan Nuwamban 2013 magajin garin lokacin Boris Johnson da hukumar sufuri ta TfL suka ce za a fara jirgin dare ran Juma'a da Asabar, suka sa masa suna Night Tube. Amma fa a rana ɗaya, a takarda ɗaya, suka ce za a rufe gishe-gishen saida tikiti na tashoshi, aikin mutum wajen 750 zai tafi. Ka ga an ba jama'a zuma da hannun dama an ɗauke tuwon ma'aikata da na hagu, ni a ganina tun daga nan aka ɓata abin, don sandika ba ta sake kallon jirgin dare a matsayin alheri ba. A Fabrairun 2014 sandika biyu na ma'aikatan jirgi, RMT ƙarƙashin Bob Crow da TSSA, suka yi yajin kwana 2 kan gishen. Bob Crow ya rasu wata ɗaya bayan haka, Mick Cash ya gaje shi.

Sai aka sa rana, 12 ga Satumban 2015, don a riga gasar rugbi ta duniya da Ingila za ta karɓa. An sa ranar ne kafin a gama zama da waɗanda za su yi aikin, kamar mutum ya raba goron ɗaurin aure bai tambayi uban ɗiya ba. Hukuma ta yi tayin ƙarin albashi kashi 2 cikin 100 da fam 2000 ga direbobin layukan dare, 'yan sandika suka ce ba zancen kuɗi kaɗai ba ne, a faɗa muna dare nawa mutum zai yi a shekara, wikan nawa zai kwana da iyalinsa, in ya sauka asubar Lahadi yaushe zai koma. Ran 8 da 9 ga Yulin 2015 ƙungiyoyi huɗu, RMT da ASLEF da TSSA da Unite, suka ajiye aiki tare, ba jirgin da ya motsa, rabon da a ga haka tun 2002. Farkon Agusta suka sake. Kafin watan ya ƙare TfL ta ce ta ɗage ranar, gasar rugbi ta zo ta wuce ba jirgin dare.

Nan ne nake son a tsaya, don jaridunsu da yawa sun yi ta cewa direbobin nan albashinsu ya fi na malamin lakkol da na nas, mi suke nema kuma. Gaskiya ne suna da albashi mai kyau. Amma ni na tashi gidan direba, kawuna ya yi shekaru yana jan kar tsakanin nan da Yamai, kilomita wajen 900, ƙarfe 3 na dare yake fita tasha, in ya dawo idonsa ja kamar gauta, ya zauna kan tabarma da kwanon tuwo a gaba barci ya kwashe shi loma a hannu, matarsa ta zare kwanon a hankali ta rufe da faifai. Ran sunan ɗiyarsa ta biyu yana hanya, kamfanin da yake ma aiki ya canza masa rana ba shawara, da ya yi magana aka ce ai ana biyanka kuɗin hanya. Har ya bar aikin bai taɓa kukan kuɗin ba, kukansa kullum wani ne ke riƙe da kalandarsa. Da na karanta abin da direbobin Landan ke faɗi sai na ji muryarsa.

Maganin da aka samu farkon 2016 dabara ce, a ɗauki sabbin direbobi wajen 200 waɗanda aikinsu dare biyun nan ne kawai, tsofaffin kuma ba mai tilasta masu. Aka haɗa da yarjejeniyar albashi ta shekara 4, mambobi suka amince. Boris bai ci ribar abin ba, wa'adinsa ya ƙare, Sadiq Khan da aka zaɓa a Mayu shi ya buɗe ran 19 ga Agustan 2016 a layin Central da Victoria, sai Jubilee a Oktoba, Northern a Nuwamba, Piccadilly a Disamba. Ko shekara ba a yi ba su kuma 'yan daren suka fara nasu kukan, an ce sai sun yi wata 18 kafin su nemi komawa cikakken aiki, a 2017 har suka kaɗa ƙuri'ar yajin aiki kafin a sasanta.

Korona ta tsaida jirgin dare a Maris 2020. Abin da ya dawo da zancen da ƙarfi shi ne kisan Sarah Everard a Maris 2021, wani ɗan sanda ne ya sace ta da dare tana tafiya gida a ƙasa, mata dubbai suka sa hannu a takardar koke a dawo da jirgin dare don su daina yawo a duhu neman taksi. Sai dai kafin nan TfL, wadda aljihunta ya bushe saboda rashin fasinja, ta soke rukunin direbobin daren ta zuba su cikin sauran, kenan kowa zai riƙa karɓar dare bi da bi, ta ce abin bai wuce wikan 4 a shekara ba. ASLEF, wadda yawancin direbobi ke cikinta, ta yarda don 'yan daren sun samu cikakken aiki. RMT ƙarƙashin Mick Lynch ta ce a'a, an warware alƙawarin 2016 ne, ta yi yaji ran 26 ga Nuwamban 2021, jirgin ya dawo washegari a layin Central da Victoria, daga Janairun 2022 kuma ta sa yajin kowane daren Juma'a da Asabar har tsawon wata 6. Mutane da yawa sun ji haushinsu ƙwarai, ga mata na neman tsaro ga su suna ƙin aiki, ni kaina sai da na ɗan ja baki a wannan gaɓar, ko da yake wanda ya soke yarjejeniya shi ya kamata a fara tambaya. Wannan karon yajin daren bai tsaida jirage ba tunda 'yan ASLEF suna tuƙi, Jubilee ta dawo a Mayu, Northern da Piccadilly a Yulin 2022.

Wasu garuruwan ta wata hanya suka bi. Boston a Amurka ta gwada ƙarin awoyin dare a 2014 ta soke a 2016 saboda kuɗi, Kopenhagen kuwa jiragenta ba direba, dare da rana suna yawo, kuma Boris ya sha ɗaga zancen jirage marasa direba yana tsorata 'yan sandika da shi, amma ramukan Landan na da ne, ƙanana, sauya su sai an zuba dukiya mai yawan gaske.

Ƙanen namu ya sake turo murya wajen ƙarfe 4 ya ce ya sauka lafiya, taragon cike yake da masu dawowa daga shagali da kuma masu shara da 'yan gadi da suka ɗora kai a taga suna gyangyaɗi. Na tambaye shi ko ya ga fuskar direban, ya ce Yaya ai ƙofarsa a rufe take.