Zaɓen Hoton Labari a Jaridun Legas

Zaɓen hoton labari shi ne aikin tantance hoton da zai raka labari a jarida, talabijin ko shafin intanet. A manyan jaridun Legas irin su Punch, Vanguard, The Guardian da ThisDay, editan hotuna ne ke tace abin da masu ɗaukar hoto suka turo, amma hoton shafin farko yawanci sai an zauna a kansa a taron editoci. Sana'ar ta daɗe a birnin. Daily Times, wadda aka kafa a 1926, ta yi suna da hotunan Peter Obe na yaƙin basasar 1967 zuwa 1970.

Hoton kan fito daga ma'aikacin gidan, ko daga kamfanonin dillancin labarai kamar NAN, Reuters da AFP, ko daga wayar wani ganau. Edita yakan duba ko hoton ya fito tas, ko akwai fuska da motsi a ciki, ko gidan yana da izinin amfani da shi. Yanzu har da yadda zai bayyana a ƙaramin allon waya. Akwai kuma iyaka: kundin ɗa'ar 'yan jaridar Najeriya na 1998 ya hana nuna munanan hotunan tashin hankali, ya kuma hana bayyana fuskar yaro ɗan ƙasa da shekara 16 da ya shiga shari'ar fyaɗe ko wani laifi.

Inda gizo ke saƙa shi ne tsohon hoton ma'ajiya. Labari ya shigo da tsakar dare, babu wanda ya je wurin, shafi kuma ba ya fita ba hoto, sai a janyo wanda ke kusa. Nan ne abin ke taɓa Hausawan unguwannin Agege, Idi-Araba da Mile 12. Lokacin da gwamnatin jihar ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2020 da 2022, hoton da aka yi ta gani shi ne dandazon matasa a kan babura sun cushe titi. A labarin makiyaya kuwa, sau da yawa akan ga mutum da malafa, rataye da bindiga a bayan shanu, ba a faɗi ranar da aka ɗauka ba, balle garin. Mai karatu da ke cikin danfo, wato motar haya ta Legas, yakan ga hoton ya wuce bai karanta labarin ba, gobe kuma da wannan idon zai kalli mai sayar masa da tumatir da albasa.

Shi ya sa 'yar rubutun da ke ƙarƙashin hoto take da nauyi. Gidajen da ke mutunta aikinsu sukan sa sunan mai hoton, wuri da rana, su kuma bayyana ƙarara idan tsoho ne. Hoton da ya zo ta WhatsApp kuwa, akan bi sawunsa da manhajoji irin su Google Lens ko TinEye, don a gano ko ya taɓa fitowa a wata ƙasa ko wata shekara kafin a buga shi.