Hot tafin: huda bututun mai da gas ba tare da an rufe shi ba

A bakin masu aikin bututu, hot tafin shi ne a fitar da reshe daga jikin bututu alhali yana kan aiki: kaya na gudu a ciki, matsi na nan daram, ba a rufe ba, ba a kwashe ba. Zafin da ke cikin sunan, wato "hot" na Turanci, ba na wuta ba ne, domin ko bututun ruwan sanyi aka huda da matsi a cikinsa, sunan aikin ke nan. Yana da ɗan'uwa, wato toshe layi, wanda ma'aikata suka fi sani da STOPPLE, sunan na'urar kamfanin T.D. Williamson da ke Tulsa a jihar Oklahoma ta Amurka. Shi kuma ta ramin da aka huda ake zura toshiya a tsayar da kaya a wani yanki don a yi gyara.

Abin da ya sa ake shiga wannan wahala ba ɓoyayye ba ne. Idan aka rufe babban bututun gas, tashar lantarki ta tsaya, masana'antu sun tsaya, sannan gas ɗin da ke tsakanin bawul biyu, tafiyar kilomita masu yawa, sai an sake shi ko an ƙone shi a banza. Ɗauki bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai faɗin inci 40 da tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Bututu irin wannan idan ya kama aiki, duk masana'antar da ta zo daga baya tana neman gas a inda ba a bar mata reshe ba, galibi ta wannan hanya ake haɗa ta. Duk da haka ƙa'idar API RP 2201 ta Cibiyar Man Fetur ta Amurka, wadda ita ce madogarar masu wannan sana'a, ba ta ɗauki hot tafin a matsayin zaɓin farko ba. Sai an tabbatar rufewa ba za ta yiwu ba, ko haɗarinta ya fi, kafin a sa hannu a takardar izini.

Mai kallo daga nesa injin huda yake gani, ya ɗauka nan ne haɗarin yake. Waɗanda suka san aikin sun fi jin tsoron walda da awon da ya gabace ta.

Tambayar farko ita ce me ke cikin bututun. Akwai kayan da ba a kusantar su da walda ko kaɗan: iskar oksijin, kulorin, asitilin, da duk wani bututu da iska ta cakuɗu da gas ko tururin mai a cikinsa, domin zafin walda kaɗai ya isa ya tayar da wuta daga ciki. Sinadarin etilin kan tarwatse da kansa idan ya ji zafi a ƙarƙashin matsi. Ruwan soda mai ƙarfi da sinadaran amin kuwa suna tsaga ƙarfen da aka yi wa walda ba a gasa shi daga baya ba, gasawar kuma ba ta yiwuwa a bututu mai aiki.

Daga nan sai a tone, a kankare rufin bututun har farin ƙarfe ya fito, a bi wurin da na'urar sauti mai auna kauri, ba a ɗigo ɗaya ba, a zagaye duk inda walda za ta bi. Ana neman abu biyu: inda tsatsa ta cinye daga ciki, da inda ƙarfen ya rabu gida biyu a tsakiyarsa tun daga masana'anta. Kaurin da ke rubuce a takardar bututun da ya shekara 30 a ƙasa ba abin dogaro ba ne. API RP 2201 ta ba da milimita 4.8 a matsayin mafi ƙarancin kauri ga yawancin ayyuka, kuma ta ce a nisanci filanji (faifan bakin bututu da ake ɗaurewa da noti) ko mahaɗi mai zare da inci 18, a nisanci tsohon ɗinkin walda da inci 3. Haka nan ba a huda dab da inda kaya ke shiga famfo ko mita idan babu matata a tsakani, saboda ɓarɓashin ƙarfen da injin zai zubar can zai nufa.

Abin da ake ɗaurawa a kan bututun wata riga ce ta ƙarfe mai rabi biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, na saman yana da wuya da filanji. Idan aka haɗa su sai su rungume bututun gaba ɗaya, su mayar masa da ƙarfin da ramin zai ɗebe. Ana fara walda ɗinki biyu na tsaye da ke haɗa rabi da rabi, da siririn ƙarfe a ƙarƙashinsu don kada waldar ta kama jikin bututun. Sannan a zagaye baki ɗaya, a bar shi ya huce, kafin a koma ɗaya bakin. Wanda ya yi bakuna biyu lokaci guda ya ɗaure rigar ta ko'ina, idan ta zo tsukewa babu inda za ta ja sai a kan waldar.

Waldar zagayen nan ita ce zuciyar aikin, domin a nan ne wuta ke taɓa bututun kansa, kuma mai walda yana tsakanin haɗari biyu da ke jan sa gabas da yamma. Na farko shi ne ɓulewa. Idan zafi ya yi yawa, ƙarfen da ke ƙarƙashin narkakken wurin ya yi laushi, matsin ciki sai ya turo shi waje, gas ya fito a fuskar mutum da wuta a hannunsa. Binciken cibiyar Battelle ta Amurka ya nuna cewa da sandar walda mai ƙarancin haidurojin, da wuya bututu ya ɓule muddin zafin bangon ciki bai wuce digiri 982 a ma'aunin Salshiyos ba. Shi ya sa a kaurin milimita 6.4 zuwa sama ba a cika fargabar ɓulewa ba idan an bi tsari, a ƙasa da haka kuwa sai an yi lissafi, an rage wuta, an yi shafin walda na farko da siririyar sanda mai milimita 2.4.

Na biyu ya fi ha'inci. Kayan da ke gudu a ciki suna kwashe zafi nan take, waldar ta huce da sauri fiye da kima, ƙarfen gefenta ya yi tauri ya bushe. Idan haidurojin ya shiga, daga danshin sanda, ko maiƙo, ko tsatsa, sai tsaga ta buɗe a gindin waldar. Ba lallai ta fito ranar ba. Takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana, wani lokaci sai bayan an tashi daga aiki. Abubuwa uku ne ke haɗuwa su haife ta: haidurojin, taurin ƙarfe, da jan da ke kan waldar. An fi sa iyakar tauri a 350 a ma'aunin Vickers, kuma tsofaffin bututu masu yawan kabon sun fi saurin wuce ta.

To ga inda gizo ke saƙa: maganin ɓulewa a rage zafi, maganin tsagewa a ƙara shi. Saurin gudun kaya ma haka, idan ya yi yawa yana kare ɓulewa yana jawo tsagewa, idan ya tsaya cak zafi ya taru wuri ɗaya. Babu mai warware wannan da ido ko da daɗewa a sana'a. Tsarin waldar sai an gwada shi tun farko a kan guntun bututu da ruwa ke gudu a ciki, kamar yadda sashen B na ƙa'idar API 1104 ya tanada, kuma shi mai waldar sai ya ci wannan jarrabawa. A filin aiki akan gasa wani ɗan da'ira mai faɗin milimita 50 har digiri 300, a riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa zai ɗauka daga 250 zuwa 100. Wannan adadi shi ke faɗin yadda bututun ke shan zafi a ranar. Sanda mai ƙarancin haidurojin irin E7018 kuwa daga tanda mai ɗumi take fitowa zuwa hannun mai walda. Wadda ta kwana a buɗe a damina ta tashi daga aiki, komai kyan ta a ido. Inda zafi ɗaya ba zai gamsar da ɓangarorin biyu ba, sai a jera shafi a kan shafi yadda na sama zai tausasa ƙarfen da na ƙasa ya taurara. Bayan an gama a duba da garin maganaɗisu mai tona tsaga, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Wannan jiran shi ne abin da masu gaggawa suka fi son tsallakewa, kuma bai kamata wani mai kula da aiki ya yarda ba.

Idan walda ta tsira, sai a ɗaura bawul mai buɗewa gaba ɗaya a kan filanjin, a ɗora injin huda a kansa, a gwada duka da matsi kafin a taɓa bututun. A nan ma akwai tarko. Matsin gwajin yana danna bututun ne daga waje, don haka ba a barin ya wuce na ciki da fiye da kashi 10 cikin 100. Layin da matsinsa ke kan bar 60, gwajin ya tsaya a wajen 66, in ba haka ba bangon ya loɓa ciki. Sannan a kore iskar da ke cikin injin da naitirojin.

Mayankin kamar kofi ne a kife, haƙora a bakinsa, da dogon mahudi a tsakiya da ya ɗan fi shi tsawo. Mahudin ne ke fara shiga, matsi ya cika injin, a ga allurar ma'auni ta tashi. A jikinsa akwai wasu wayoyi masu lanƙwasa da ke kwanciya yayin shiga, su buɗe a ciki, su riƙe faifan ƙarfen da aka yanke, wanda ake kira kufon. Mai injin ba ya ganin komai. Abin da yake da shi sandar awo ce da lissafin da ya rubuta tun farko: nisa daga bakin mahudi zuwa bayan bututu, kaurin bango, da ƙarin tafiyar da lanƙwasar bututun ke buƙata kafin haƙoran gefe su gama yanka. Idan ya tsaya da wuri kufon bai rabu ba. Idan ya zarce, musamman inda reshen ya kai girman uwar, mahudin ya taɓa bangon ƙasa. Kunne ma na aiki, domin ƙarar injin na sauyawa idan yanka ya ƙare. Daga nan a janye mayankin har ya wuce bawul, a tabbatar da awo cewa ya wuce, a rufe, a sauke matsin injin, a kwance. Rufe bawul a kan sandar injin kuskure ne da ke lalata duka biyun a lokacin da babu abin da ke tare gas sai su.

Kufon idan ya faɗa ciki, aiki ya koma farauta, domin zai iya tafiya ya maƙale a bawul na gaba. Idan ya fito kuwa ba a yar da shi. A kansa ake ganin ainihin kaurin bututun da irin cin da tsatsa ta yi masa daga ciki.

Toshe layi maimaita wannan aiki ne a wurare biyu, gaba da bayan inda ya lalace. A haɗa bututun wucin gadi ya zagaye wurin don kaya su ci gaba da tafiya, a zura kan toshiya mai roba ta kowane rami, a sauke matsin tsakiya, a zuba ido a kan ma'auni. Idan allura na hawa, roba ba ta zauna ba, sau da yawa saboda ɓarɓashin yanka da ya taru a ƙasa ko bututun ba da'ira sosai ba ne. Inda za a yanka da wuta, toshiya ɗaya ba ta isa a jingina ran mutum a kanta ba. Ana son biyu a jere da mafitar iska a tsakaninsu, duk abin da ya tsallake ta farko ya fita ta nan. Kafin a ɗaga toshiya kuma sai an daidaita matsin gaba da baya, in ba haka ba ba za ta motsa ba, ko robar ta yage.

A Najeriya akan ji sunan hot tafin a labaran satar ɗanyen mai a yankin Neja Delta, kuma gaskiya ne ɓarayi na huda bututu yana aiki. Sai dai babu awon kauri, babu gwajin walda, babu mai auna gas a iska. Abin da man da ya kuɓuce daga bututu ke iya yi an gan shi a Jesse ta jihar Delta a watan Oktoban 1998, inda gobara ta kashe mutum sama da 1,000. Shi ya sa a aikin ƙa'ida ake tona rami mai faɗi da mafita ta ɓangare biyu, a tsayar da mai kula da wuta da na'urar shinshinar gas, a kuma riƙe layin magana da ɗakin da ke sarrafa matsin bututun daga farko har ƙarshe.

Idan ramin na toshe layi ne ba reshe na dindindin ba, ba a barin bawul a wurin. Ana amfani da injin a saukar da wani murfi cikin wuyan filanjin, a kulle shi da wasu ƙarafa da ke shiga daga gefe, a sauke matsin da ke samansa a ga ya riƙe, sannan a cire bawul a rufe da makahon filanji, wato marar rami. A ƙasan murfin akan haɗa sanduna masu lanƙwasar bututun, ko shi kansa kufon ɗin, kuma dole su daidaita da tsawon layin, domin na'urar share bututu da ta duba lafiyarsa su wuce ta wurin ba tare da sun karkata cikin ramin sun maƙale ba.