Kutse da damfara ta intanet: wane hukunci dokar Najeriya ta tanada?

Wace doka ce ke hukunta masu kutse da zamba ta kwamfuta?

Babbar dokar ita ce ta laifukan intanet da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, aka kuma yi mata kwaskwarima a Fabrairun 2024 a zamanin Shugaba Bola Tinubu. Ba ita kaɗai ake amfani da ita ba. Akwai dokar zamba cikin aminci ta 2006, wadda ta fi zafi: ɗaurin shekara 7 zuwa 20, kuma babu zaɓin biyan tara. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'un da suka shafi dokar 2015, EFCC da 'yan sanda su ne suka fi kai mutane gabanta.

Idan mutum ya kutsa cikin kwamfutar wani, shekara nawa ke jiransa?

Ya danganta da abin da ya shiga nema da kuma inda ya shiga. Sashe na 6 na dokar 2015 ya ce wanda ya kutsa ba da izini ba don zamba, ya kwashi bayanan da suka shafi tsaron ƙasa, zai sha ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun. Idan sirrin kasuwanci ko wasu bayanan aka shiga sata, abin ya hau zuwa shekara 7 ko miliyan 7.

Inda dokar ta fi ɗaure fuska shi ne kan na'urorin da aka ayyana a matsayin ginshiƙan ƙasa, wato waɗanda tsaro da tattalin arzikin ƙasa suka dogara a kansu. Mai taɓa su zai iya yin shekara 10 ba zancen tara. Idan kutsen ya jawo wa wani mummunan rauni, har shekara 15. Idan rai ya salwanta, ɗaurin rai da rai ne.

To wanda bai iya kutse ba, baki kawai ya yi amfani da shi fa?

Yawancin abin da ke cin mutanenmu ke nan, kuma ba ya buƙatar wata gwaninta. Waya ta yi ƙara, wata murya mai daɗi ta ce daga banki ne, za a rufe asusunka yau idan ba ka karanto lambar da aka turo maka ba. Ka karanto, kafin ka ajiye wayar alat ya shigo, kuɗi sun tafi. Ko a ce za a sa ka a wani zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai, a nemi lambobi shida da suka shigo maka. Da ka bayar, an ƙwace asusunka na WhatsApp, sai a bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya: “Yaya, don Allah ka ranta mini dubu ashirin, gobe da safe zan mayar.”

Duk wannan doka ta san da shi. Aika saƙon ƙarya da ya jawo wa wani asara, a sashe na 14, hukuncinsa bai gaza shekara 5 ba, ko tarar da ba ta gaza miliyan 10 ba, ko duka. Yin sojan gona da sunan wani na iya kai mutum shekara 5 a sashe na 22. Yaudarar mutane su ba da lambobin sirrinsu kuwa shekara 3 ne ko naira miliyan 1. Ni dai a ganina wannan tara ta ƙarshe ta yi kaɗan, musamman idan aka tuna darajar miliyan ɗaya a 2015 da abin da za ta iya saya yanzu.

Na ara wa abokina asusuna aka turo kuɗi. Ina ruwana?

Da ruwanka har da tsaki. Sashe na 27 ya tanadi hukunci iri ɗaya ga wanda ya taimaka ko ya haɗa baki da mai laifin. Masu bincike kuɗin suke bi, kuma asusun da suka sauka shi ne ke ɗauke da sunanka da lambar BVN ɗinka. Abokin da ya ce “kaso goma naka ne” yana iya ɓacewa, kai kuwa za ka yi ta bayanin cewa ba ka sani ba.

Me ya sa ake ganin wasu 'yan Yahoo na samun wata shida ko tara kaɗan?

Saboda yarjejeniyar amsa laifi, wadda dokar gudanar da shari'un laifuka ta 2015 ta halatta. Wanda ake tuhuma ya amsa laifi, ya mayar da abin da ya ci, mai gabatar da ƙara ya sassauta tuhumar. Kotu kan ƙwace waya, kwamfuta, mota, wani lokaci har gida, ta kuma umarci a biya wanda aka cuta. Tsarin na rage cunkoson shari'u, sai dai wanda aka kwashe wa jarinsa yakan ji kamar an yi masa dariya ne idan ya ga ɓarawon yana yawo bayan 'yan watanni.

Idan wanda aka damfara yana ƙasar waje?

Nisa ba ya hana kamu. An kama Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Dubai a watan Yunin 2020, aka kai shi Amurka, inda kotu ta ɗaure shi wata 135 a Nuwamban 2022, wato shekara 11 da wata 3. Kafin shi, a Fabrairun 2021, Obinwanne Okeke ya samu shekara 10 a can kan zambar kusan dala miliyan 11 ta hanyar kutse cikin imel ɗin kamfani.