Wai idan ka binne hayaƙi a ƙarƙashin teku, sai ka biya kuɗinsa? Ga yadda dokar Turai take

A garin Brevik da ke kudancin Norway akwai wata tsohuwar masana'antar siminti ta kamfanin Heidelberg Materials. A shekarar 2025 sun buɗe wani sabon sashe a jikinta, aikinsa kawai ya tare iskar kabon kafin ta fita ta bututun hayaƙi, kusan tan dubu 400 a shekara, wato kamar rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Idan an tare ta sai a matse ta a sanyaya har ta koma ruwa-ruwa, a ɗura a jirgin ruwa, jirgin ya kai ta wata tasha a Øygarden kusa da birnin Bergen, daga nan kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 100 ya wuce da ita cikin teku, a cusa ta cikin dutse mai zurfin mita 2,600 ƙarƙashin ƙasan tekun. Sunan aikin binnewar Northern Lights, na kamfanonin Equinor da Shell da TotalEnergies ne, kuma a watan Agustan 2025 suka fara cusawa.

To tambayar da ni ta fi damuna ba ta injiniyoyi ba ce. Ita wannan iskar da ta bi jirgi ta bi bututu ta shige dutse, a wurin doka an fitar da ita ne ko ba a fitar ba? Domin a Turai amsar wannan tambayar kuɗi ne, miliyoyin yuro.

Sai an san yadda kasuwar take tukuna. Tun 2005 Tarayyar Turai ke da abin da za mu kira kasuwar hayaƙi, su suna taƙaita ta da ETS. Ana yanke iyakar jimillar hayaƙin da manyan masana'antu da tashoshin lantarki za su fitar, sai a raba wannan jimillar zuwa tikiti-tikiti, kowane tikiti ɗaya daidai da tan ɗaya. Wasu ana gwanjonsu, wasu ana bayarwa kyauta ga masana'antun da ake tsoron za su gudu wata ƙasa. Duk shekara kamfani zai auna abin da ya fitar, wani mai tantancewa na daban ya duba ya sa hannu, sannan ya miƙa tikiti daidai da yawan tan ɗin, yanzu wa'adin miƙawa 30 ga Satumba ne. Wanda bai miƙa ba tarar yuro 100 ce kan kowane tan, tana ma ƙaruwa da hauhawar farashi, kuma biyan tarar ba ya sauke maka bashin, sai ka nemo tikitin ka kawo. Iyakar nan kuma raguwa take kowace shekara, daga 2024 da kashi 4.3 cikin 100, don haka tikiti sai ƙara wuya yake. Norway ba ta cikin Tarayyar amma tana cikin kasuwar tun 2008, shi ya sa Brevik ya shiga lissafi.

Yanzu ga inda binne kabon ya shigo, kuma a nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ana ɗauka wai idan ka kama tan ɗaya ka binne, hukuma za ta ba ka tikiti a matsayin lada. A'a fa. Ba a ba ka komai. Abin da sashe na 12 na dokar kasuwar ya ce shi ne, duk hayaƙin da aka tabbatar an kama shi an kai shi don ajiya ta dindindin a wurin da ke da lasisi, to babu wajibcin miƙa tikiti a kansa. Yafe bashi ne kenan. Mu ɗauka tikiti yana yuro 70, kaga tan dubu 400 ya zama yuro miliyan 28 a shekara da kamfanin ba zai kashe ba, in kuma yana cikin masu samun tikitin kyauta kamar masu siminti, ba a ƙwace nasa don ya kama hayaƙi, rarar da ta rage masa sai ya kai kasuwa ya sayar. Ribar kenan, daga nan take fitowa ba daga wani wuri ba.

Amma kalmar "lasisi" ɗin nan ita ce ƙashin bayan maganar. Akwai wata doka daban ta 2009, mai lamba 2009/31, wadda ita ce ke tsara yadda ake binnewa, kuma dokar kasuwar ta rataya ne a kanta. Idan ramin da ka kai iskar ba shi da lasisi a ƙarƙashin wannan dokar, to a takarda kamar ka sake ta sama ne, komai kyawun ramin. Shi ya sa bayan Birtaniya ta fice ta kafa tata kasuwar a 2021, masana'antar da ke Beljiyam ko Faransa ba za ta aika kabon ɗinta tsofaffin rijiyoyin gas na Birtaniya a Tekun Arewa ta samu yafiya ba, alhali teku ɗaya ne, dutse iri ɗaya ne. A watan Mayun 2025 dai ɓangarorin biyu sun amince za su yi aikin haɗa kasuwanninsu.

Abin da ya fi burge ni a tsarin, gaskiya, shi ne yadda bashin ke bin iskar duk inda ta je. Tun daga 2013 na'urar kamawa da bututun jigila da wurin binnewa duk an sa su cikin jerin masu lissafi a kasuwar, kowanne da nasa izinin da nasa tsarin aunawa. Mai siminti zai cire tan ɗin daga littafinsa ne kawai idan ya miƙa shi hannun wani da shi ma yake cikin lissafi. In bututu ya yi yoyo a hanya, mai bututun ne zai sayi tikiti. In bayan shekara goma aka gano iskar na tsiyayowa daga ramin, mai ramin ne zai biya, ba za a koma kan mai siminti ba. Kamar amana ce da ake miƙawa hannu zuwa hannu, a hannun wanda ta ɓata shi ke da asara. Sannan ita na'urar kamawar tana cin makamashi sosai, dumama sinadarin da ke riƙe iskar da matse ta duk wuta ne, kuma in an ƙona mai don wannan, hayaƙin da ya fita nan ma ana lissafa shi, saboda haka tan ɗaya da aka kama ba lallai ya zama cikakken tan ɗaya da aka rage ba.

Akwai wani giɓi da ya daɗe yana ba su ciwon kai. Rubutun dokar kasuwar na farko bututu kaɗai ya ambata, waɗanda suka rubuta ba su kawo jirgin ruwa a ransu ba, ga shi aikin Norway gaba ɗaya a kan jirgi ya dogara, sai da suka nemi Hukumar Tarayyar Turai ta fayyace musu matsayin jirgi a dokar. Gyaran da aka yi wa dokar a 2023 ne ya buɗe ƙofar ga kowace irin jigila, jirgi ne ko mota ko jirgin ƙasa.

Sai maganar masu cewa ai mu ba binnewa muke ba, amfani muke da iskar. Wani kamfanin farar ƙasa a Jamus, Schaefer Kalk, yana tura kabon ɗinsa wata masana'anta inda ake haɗa shi ya koma wani farin gari da ake sawa a takarda da fenti. Hukuma ta ce sai ya biya, ya ƙi, magana ta kai kotun Tarayyar Turai, a watan Janairun 2017 kotu ta ba shi gaskiya, ta ce iskar da ta ɗaure a cikin wani abu ba ta shiga sararin sama ba, ba za a kira ta fitarwa ba. Gyaran 2023 ya shigar da wannan cikin doka, amma da sharaɗi mai tsauri: sai iskar ta ɗaure ɗin dindindin, ba za ta fita ba ko lokacin amfani da kayan ko bayan an jefar da su. Kayan gini da kabon ya zama dutse a cikinsu sun shiga. Wanda ya sayar da tasa ga masu lemon kwalba ko masu haɗa man jirgi bai shiga ba, domin ana buɗe kwalba ko ana ƙona man ta fice. Ni dai ina ganin an yi daidai a nan, don da an sassauta, da kowa ya juya hayaƙinsa ta ƙofar baya ya ce ya rage.

To in tsarin yana da kyau haka, me ya sa aka yi fiye da shekara goma ba a ga komai a ƙasa ba? Farashi ne. Yafiyar bashi ba ta da daraja sai bashin yana da nauyi. A 2013 tikiti ya faɗi ƙasa da yuro 5, wa zai kashe ninkin-ba-ninkin wannan ya kama tan ɗaya alhali zai saye shi a kasuwa da kuɗin shayi? An ware tikiti miliyan 300 a wani shiri mai suna NER300 don a sayar a tallafa wa irin waɗannan ayyuka, farashi ya karye kuɗin suka zo kaɗan, aikin kama kabon ɗaya tak da ya samu alkawari, White Rose a Ingila, ya mutu bayan gwamnatin Birtaniya ta janye nata tallafin na fam biliyan 1 a ƙarshen 2015. Ko guda ba a gina ba. Abin lura, aikin Sleipner, wani filin haƙar gas na Norway a Tekun Arewa, da ke binne kabon tun 1996 ba kasuwa ce ta haife shi ba, harajin kabon ne da ƙasar ta sa a 1991. Sai a Fabrairun 2023 tikiti ya taɓa yuro 100, kuma ko a hakan Brevik da kuɗin gwamnatin Norway aka gina mafi yawansa, aikin Porthos na Rotterdam mai tan miliyan 2.5 a shekara shi ma gwamnatin Holan ce ta yi alkawarin cike giɓin da ke tsakanin farashin tikiti da ainihin kuɗin aikin. A 2024 ma sai da Tarayyar ta kafa wata doka da ta ɗora wa kamfanonin mai da gas nauyin samar da wuraren binne tan miliyan 50 a shekara nan da 2030, tunda kasuwa ita kaɗai ba ta haƙa ramin ba.

Kar a manta kuma kowace ƙasa tana da haƙƙin ta ce ba a binnewa a ƙasarta. A Barendrecht kusa da Rotterdam mutanen gari sun tashi tsaye har aka soke aikin Shell a 2010, tun daga nan kusan kowa ya koma teku.

Wani abin da har yanzu kasuwar ba ta karɓa ba shi ne wanda ya zuƙo kabon daga iskar da muke shaƙa, ko ya ƙona itace ya kama hayaƙinsa ya binne. Shi wannan dama ba a binsa tikiti, to me za a yafe masa? Ba ya samun komai daga kasuwar, duk da cewa shi ne ma ya rage abin da ke sama. Gyaran 2023 ya umarci Hukumar ta kawo rahoto kan yadda za a shigar da su zuwa watan Yulin 2026.

Inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne ƙarshen labarin ramin. Kafin a fara cusawa dole mai ramin ya ajiye jinginar kuɗi da za ta iya ɗaukar gyara da sa ido da sayen tikiti idan an yi yoyo, kuma tikitin da farashin ranar da aka yi yoyon za a saya, ba na ranar da aka binne ba, wanda ba mai iya cewa ga nawa zai kai nan da shekara talatin, wannan ne ma ke tsorata kamfanoni da masu inshora. Bayan an rufe ramin yana ci gaba da ɗaukar nauyi na aƙalla shekara 20, sai in hukuma ta gamsu tun kafin nan cewa iskar ta zauna daram. Daga nan sai ya miƙa wa gwamnati, ya haɗa da kuɗin da zai isa sa ido na aƙalla shekara 30. In an gano ya ɓoye bayani ko ya yi sakaci ana iya komawa kansa a karɓi kuɗi, amma in ba laifinsa ba ne, duk abin da ya tsiyayo bayan nan gwamnati ce za ta miƙa tikitinsa, wato masu biyan haraji. Shi kamfanin siminti an yafe masa bashinsa tun shekarar da jirgi ya sauke kaya a Øygarden, bisa alkawarin cewa iskar za ta zauna har abada, kuɗin sa idon da doka ta wajabta kuwa na shekara 30 ne, yaron da aka haifa a Bergen bana zai iya kai lokacin da kuɗin za su ƙare yana raye, iskar kuma tana nan a ƙarƙashin tekunsu.