Maltibas: kalmar da ake neman mayarwa uzuri

Tun da finafinan Marvel suka yayata kalmar maltibas ta kama bakin matasa da masu sharhin fim, kuma galibi a karkace ake faɗinta. Wani ya ce Mars da 'yan uwanta ake nufi, wani ya ce duniyar aljanu. Ko ɗaya ba haka ba ne. Mars ai maƙwabciyarmu ce, rana ɗaya muke kewayawa. Abin da marubutan ƙagaggun labaran kimiyya ke nufi shi ne wasu duniyoyi a gefen tamu, masu mutane irinmu sak, suna ɗaya kama ɗaya, sai dai tarihi ya bi da su wata hanya. Masanin fiziks Hugh Everett ya kawo ra'ayi mai kama da wannan a 1957, har yau kuwa hasashe ne.

Wannan kuskuren mai sauƙi ne. Wanda ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu cewa tunda a wata duniyar azzalumi zai iya tashi mutumin kirki, to zaluncinsa ba laifinsa ba ne, laifin inda ya tashi ne. Kalmar ma tun asali da zancen ɗabi'a ta zo: masanin falsafa ɗan Amurka William James ya yi amfani da ita a 1895, yana bayyana duniyar da ake gani da ido a matsayin wadda ba ruwanta da nagarta ko mugunta. Amma labaran da ake kafa hujja da su ba su wanke kowa ba.

A duba shirin talabijin na Star Trek, ƙagaggen labarin matafiya sararin samaniya, a wani kashi na 1967. Na'ura ta samu tangarɗa, ta jefa Kyaftin Kirk da abokan aikinsa uku cikin wata duniyar da jirginsu yake nan, ma'aikatansa suna nan, amma daular zalunci suke wa aiki. A can ana samun ƙarin girma ne ta hanyar kashe na gaba da kai, kuma an ba da umarnin halaka wata al'umma don ta hana ma'adininta. Kowa a haka ya buɗi ido ya gani. In da tarbiyya ce kaɗai ke magana, da shi ke nan. To amma Spock na can, mataimakin kyaftin, wanda ya sha nonon wannan daular, da Kirk ya nuna masa cewa mulkin danniya ba ya ɗorewa, sai ya tsaya ya saurara, ya ce zai yi nazari. Abokansa ma kunnuwa gare su. Shi ya sa nake ganin zaɓin da ya yi ne ya ɗora wa sauran alhaki.

Ba na raina tarbiyya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya tashi inda ake yabon mugunta ya fi wani shan wuya kafin ya gane hanya. Wannan dalili ne na tausayi da sassauci a hukunci, da kuma tuhumar waɗanda suka rene shi.

Masanin falsafa Thomas Nagel ya ƙaddara wani misali da ya jingina da tarihi na gaske a 1979. Mutumin da ya bar Jamus zuwa Ajantina a 1930 don kasuwanci ya rayu salin alin, alhali da ya zauna wataƙila da ya zama jami'i a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi. Nagel ya yarda akwai sa'a a ciki, ya kuma lura cewa abin da mutum ya aikata ake tuhumarsa da shi, ba abin da zai aikata da yanayi ya sauya ba. Jami'an Nazi da suka tsaya gaban kotun laifukan yaƙi ta Nuremberg daga 1945 ma ba a yarda cewa bin umarni ya wanke su ba.